Inda Mara Lafiya Ba Ya Iya Dawowa Jibi

Mai niyyar zuwa Sabon Birni daga Sakkwato a wannan zamani ba ya sammako. Da can direbobi sun fi son barin tasha da asuba don su riga rana. Yanzu kuwa sai hantsi ya ɗaga, an ji labarin hanya daga bakin waɗanda suka fito daga can, sannan motoci su tashi a jere, kowa na hangen bayan ɗan'uwansa. Haka muka yi mu ma a ƙarshen damina, gero ya nuna, sauro kuma ya kai maƙura. Ni likitan iyali ne, rabin aikina duba marasa lafiya, rabi koyarwa. Wani tsohon ɗalibina, haifaffen ƙasar Gobir, wanda ya koma gida aiki bayan bautar ƙasa, shi ya matsa mini in zo. Yana shirin jarrabawar shiga horon ƙwarewa, ga marasa lafiya sun yi masa yawa, ga ɗalibai sun taru a kansa: biyu masu karatun likita a jami'a, mace da namiji, da suka dawo gida hutu suka ƙi zama haka nan, sai kuma wasu 'yan kwalejin kiwon lafiya da aka turo koyon aiki. Ya ce mini a waya: "Malam, ni kaina ban gama koyo ba, ga shi an ce in koyar."

Hanyar ta bi ta Achida, ta bar Wurno a gefe. Duk sanda na wuce nan sai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya faɗo mini a rai, ba don kabarinsa na can kaɗai ba. Malami ne da ya yi rubuce-rubuce a kan magani, kuma da Baturen nan Clapperton ya zo masa a 1824, cikin abubuwan da ya nema a aiko masa daga Ingila har da likitan da zai zauna a Sakkwato. Mazauni ya nema. Ni a wannan tafiya mai wucewa ne, shi ya sa tun a mota na ƙudura cewa abin da zan bari a hannun mazauna shi ne ainihin aikin da na zo yi.

Goronyo ta tarbe mu da ƙamshin albasa da tafarnuwa, albarkar fadamar Rima da madatsar ruwan da aka gama ginawa a 1984. A kasuwar garin nan ce 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 40 a watan Oktoban 2021. Daga nan zuwa gaba hira ta mutu a motar. Da muka iso Kwanar Maharba, inda aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Yulin 2024, aka tafi da shi daji har ya rasa ransa a hannunsu cikin watan Agusta, sai na ji dattijon da ke kusa da ni yana jan Hasbunallahu a hankali. Gonaki na bakin titi sun yi kyau. Na nesa da titi kuwa, da yawa ciyawa ce ta cinye su, don masu su ba su isa su je ba.

Sabon Birni gari ne mai nauyin tarihi. Kusa da nan kufan Alƙalawa yake, birnin Gobir da Bawa Jan Gwarzo ya mulka, wanda ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808. Daga baya wasu Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, Ɗan Halima kuma ya kafa Sabon Birni. Iyakar da Turawa suka ja ta ratsa tsakanin dangi ɗaya, kuma likita na ganin haka a kan teburinsa: uwa ta miƙo katin rigakafin ɗanta an cike shi da Faransanci, wani ya kwance bakin zani ya fito da sefa zai sayi kati. Tun da fitinar 'yan bindiga ta yi ƙamari dubban mutane sun tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira, wasu suna can, wasu suna kai da kawowa.

Washegari da safe na tarar da barandar asibitin cike. Mata a tabarma da goyo, maza a benci, tsofaffi da zanen Gobirci a kumatu, kowa riƙe da rabin littafin 'yan makaranta, wanda shi ne fayil ɗinsa. A asibitin koyarwa, kafin ɗalibi ya ga mara lafiya an riga an tace shi: na ido ya tafi wajen likitan ido, mai ciki ta tafi ɗakin awo, an ma rubuta sunan ciwon a saman takarda. A nan ƙofa ɗaya ce. Jariri mai gudawa ya fita, tsoho mai wahalar fitsari ya shigo, bayansa wanda harsashi ya goga a cinya. Don irin wannan ƙofa aka ƙirƙiro fannin likitan iyali. Bayan kafa kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa a 1979, horon wannan fanni ya fara kafuwa ne a asibitocin mishan irin na Ogbomosho da Jos, inda likita ɗaya zai karɓi haihuwa, ya ɗaure karaya, ya duba yaro, ya kuma zauna da tsohuwa mai hawan jini.

Sai dai akwai wani makami da likitan iyali ke taƙama da shi a birni wanda a nan an ƙwace masa, wato lokaci. A Sakkwato idan abu ya shige mini duhu sai in ce, je ki yi gwaji ki dawo jibi, ko sha wannan mu ga yadda za ki kwana biyu. Rabin abin da muke koya wa ɗalibai a kan wannan dawowar aka gina shi. Matar da ta fito daga ƙauyen da ke biyan 'yan bindiga haraji kafin a bar su su yi girbi, ta sayar da akuya, ta nemi izinin miji, ta jira ranar da aka ce hanya da sauƙi, ta hau babur da yaro a baya. Wannan zuwan da ta yi, wataƙila shi ke nan sai baɗi. To a kan wannan mata ce za ka koya wa ɗalibi aiki. Abin ya yi kama da koya wa yaro tuƙin kwalekwale a tsakiyar gulbi da fasinja a ciki: dole ka ba shi sanda, in ba haka ba har abada ba zai iya ba, dole kuma mutane su isa gaɓa.

Tsarin da na bi mai sauƙi ne. Ɗalibi ya fara zama da mara lafiya shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan in shigo ya gabatar mini da shi a gabansa, da Hausa. Suka yi turus da jin haka, domin shekarunsu na jami'a duk da Turanci suka saba yi a kan mara lafiya, shi yana kwance yana bin bakinsu da ido. Amma idan da Hausa aka yi, mai ciwon da kansa yake gyara ɗalibi: a'a, ba kwana uku ba ne, tun kafin Sallah ne. Bayan nan in yi tambaya biyu: me kake zato, kuma me ya sa? Sai ta uku, wadda na ƙara saboda wurin: in ba za ta dawo ba, me za ka yi mata yau?

Wata mata mai kimanin shekara hamsin ta shigo, ɗanta matashi na biye. Kafin komai na ce mata: "Inna, waɗannan ɗalibaina ne, suna koyon aiki. Kin yarda su duba ki tare da ni?" Ta ce: "Ai ku al likitoci, abin da kunka gani shi za a yi." Na daɗe da sanin cewa wannan ba yarda ba ce. Talaka ba ya ce wa likita a'a, yana tsoron kada a huce a kan maganinsa. Saboda haka sai ka buɗe masa ƙofar ƙi da hannunka. Na ce: "Inna, ko kin ce su fita, maganinki ɗaya ne, ba abin da zai ragu. Ko kin fi son 'yar nan ta zauna, maza su ba mu wuri?" Ta yi shiru, ta dubi ƙasa, ta ce 'yar ta zauna. Na sallami sauran, har da ɗanta.

Kukanta shi ne jiki duka na ciwo, kai na sarawa, ba ta iya kwana, gaba na faɗuwa. Ɗalibar ta riga ta rubuta zazzaɓin cizon sauro da taifot a gefen takarda, abin da kowane kemis zai faɗa. Na ce ta ajiye biro ta tambaye ta inda take kwana. Nan zance ya fito. Ba a gidanta take ba. "Tun da anka tashe mu," in ji ta, suna raɓe a wani kango a bayan gari, ita da jikoki. Maigidan kuwa, "sunka tahi da shi," an kai abin da aka iya tarawa, har yau shiru. Ba ta yi kuka ba. Ɗalibar ce idonta ya cika, na yi mata alama ta daure ta ci gaba da sauraro, domin wannan sauraron yana cikin maganin.

Aka auna jininta, ya haura 170 bisa 100. Littafi ya ce kada a yanke wa mutum hukuncin hawan jini da awo ɗaya, a sa shi ya dawo wata rana. Muka zaunar da ita a inuwa, aka ba ta ruwa, aka sake aunawa a hannu biyu bayan ta huta, bai sauka ba. Aka tsoma tsinken gwaji a fitsarinta don a ga halin ƙoda, aka duba sukari. Gwajin zazzaɓi bai nuna komai ba. Sai ɗalibar ta fara karanto mata nasihar da ta haddace: a rage nama, a yawaita 'ya'yan itatuwa, a riƙa motsa jiki. Na dafa teburin a hankali na ce, bari mu tambayi Inna me ta ci jiya. Tuwon dawa ne da miyar kuka, sau ɗaya, kuma kullum sai ta yi tafiya mai nisa neman itace. Abin da ke hannunta ta canza kaɗan ne: gishiri da dunƙulen magi da kanwa, sai kuma ƙwayoyin ciwon jiki na haɗi da take saye a ƙulle a leda, waɗanda ke ƙara hawan jinin suna cin ƙoda. Muka zaɓi amlodifin, ƙwaya ɗaya a rana, don shi ne za ta samu a kowane kemis da kuɗi kaɗan. Maganin barci kuwa na hana, na kuma gaya wa ɗalibar dalili: saurin kama mutum gare shi, kuma matar da ke iya bukatar ɗaukar jikoki ta gudu cikin dare ba a yi mata nauyin barci. A littafinta muka rubuta awon da manyan baƙaƙe, da saƙo zuwa ga malamin asibitin da ya fi kusa da ita, ya riƙa auna ta yana rubutawa a ƙasa. Aka kira ɗan, aka yi masa bayani shi ma, don shi ne mai zuwa sayen maganin.

Ban gyara ɗalibar da tsawa ba, kuma ba na yarda a yi haka a gabana. Akwai manyan likitocin da suka ɗauki kunyata ɗalibi a gaban mara lafiya a matsayin horo, don su ma haka aka yi musu. A birni ɓarnar abin ta tsaya a zuciyar ɗalibin. A nan ta fi haka, domin yarinyar 'yar garin ce, matan da ke baranda sun san uwarta, kuma in Allah ya yarda nan za ta dawo aiki. Yardar da mutanenta za su yi mata ita ce jarinta, malami ba shi da ikon ya ƙona mata shi. Kuskure kuma ba a barinsa ya wuce don kara. Sai ka ce, zo mu sake dubawa tare.

Wajen azahar aka shigo da wani yaro ɗan shekara uku a guje, yana jijjiga, ido ya kakkafe, jiki kamar wuta. A irin wannan lokaci babu tambaya babu me kake zato. Na ce wa likitan ya karɓa, ni na tsaya a kansa, kowane ɗalibi na ba shi aiki ɗaya da sunansa: kai kwantar da shi ta gefe ka share bakin, ke auna sukari, kai kawo sikeli. Ɗalibin jami'ar ya nemi jijiya ya rasa, ya sake ya rasa, hannunsa na rawa, zai koma na uku sai Sista, wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya da ta fi shekarunsa a bakin aiki, ta ce: "Ɗana, kawo." Ƙa'ida ce da na kafa tun safe, in ka gwada sau biyu ka miƙa wa na gaba, jikin yaron mutane ba allo ba ne. Sista ta samu a fatar kai cikin ƙiftawar ido. Aka tsayar da jijjigar, aka ba shi ruwan sukari, aka yi masa allurar atesunet gwargwadon nauyinsa, wadda za a maimaita bayan awa 12, a sake a awa 24. Tafin hannunsa fari fat, cikin fatar ido ma haka. Jini yake bukata.

A nan ɗalibin da ya rasa jijiya ya yi abin da ni ba zan iya ba. Uban yaron ba ya nan, kawunsa ne ya kawo shi, ya kuma ƙi a ɗebi jininsa, wai ga girbi a gaba, ƙarfinsa zai tafi. Ɗalibin ya ja shi gefe, ya durƙusa, ya kira shi Baba, ya tambayi garinsu, ashe ya san mutanen wurin. Ya gaya masa shi ma ya sha bayarwa a makaranta, ga shi tsaye. Ba a jima ba kawun ya naɗe hannun riga. Da la'asar, a gindin dogonyaro, muka zauna muka bi abin daki-daki: me ya sa sukari ke faɗuwa a zazzaɓi mai tsanani, yaya ake bambanta shi da sanƙarau, me ya sa ake lanƙwasa wuya a gani. Na tambayi uwar ko yaron ya sha maganin rigakafin zazzaɓin nan da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kowane wata a damina, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2012. Ta ce bana masu rabon ba su iso ƙauyensu ba. Ba ƙiwa suka yi ba, hanya ce.

Sista ta ba mu labarin shekarun da ake turo likitoci masu bautar ƙasa daga kudu, Yarbawa da yawa cikinsu. Ta ce tsofaffin mata kan tasa su gaba da wasan nan na tsakanin Gobirawa da Yarbawa, su ce bawanmu ya zo, kafin wata uku sun koya musu Hausa har da karin harshen Gobir. Ita ta koya wa da yawansu karɓar haihuwa. Na ce wa ɗaliban jami'ar su buɗe kunne da kyau, domin akwai wani girman kai da ke shiga ɗalibin likita tun yana aji huɗu, ya riƙa ganin nas da malamin asibiti a ƙasa da shi. Wanda ya tafi karkara da wannan hali shi kaɗai zai yi ta fama.

Na fi ba 'yan kwalejin kiwon lafiya lokaci fiye da yadda suka zata. Irinsu, waɗanda ake horarwa a makarantu kamar ta Sultan Abdurrahman da ke Gwadabawa, su ne likitan da mafi yawan mutanen ƙauye za su taɓa gani. Tun zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe ma'aikatar lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka ɗora kiwon lafiya matakin farko a wuyansu, da littafin ƙa'idojin aiki da ke gaya musu abin da za su yi da inda za su tsaya. Ban koya musu sunayen cututtuka masu wuya ba. Na sa kowannensu ya ƙirga numfashin yaro minti guda cur da agogo: 50 ko fiye ga wanda ya wuce wata biyu bai kai shekara ba, 40 ko fiye ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, wannan ciwon huhu ne har sai an tabbatar da wani abu. Na sa su ɗaura tsinken awon damtse har hannunsu ya faɗa, su san cewa ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Sai alamomin da ba a kwana da su: yaro ya ƙi nono, yana amayar da komai, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Ɗaya daga cikinsu ya yi mini tambayar da ta fi kowace nauyi: "Malam, in na ga alamar da magariba, kuma ba mai fita sai gari ya waye fa?" Muka zauna a kanta. Allurar farko ko maganin matsi na atesunet kafin a tura, ruwan sukari a ƙarƙashin harshe ko ta bututu, kwanciya ta gefe, rage zafin jiki, da shirya babur tun dare. Littafi ya ce a tura nan take. Malamin da ya tsaya a nan bai amsa wa ɗalibin nan tambayarsa ba.

Tsakanin Sabon Birni da Isa ba nisa, amma a wannan hanya ce, kusa da Gidan Bawa, aka cinna wa motar fasinja wuta a watan Disambar 2021, mutum fiye da 20 suka ƙone. Muka bi ta zuwa Isa da rana tsaka, ni da likitan da ɗaliban jami'ar biyu, bayan iyayensu sun amince. Ƙasar ta yi laushi da ruwa, ga Bunsuru da Gagare da ke haɗuwa su zama Rima, ga shinkafa a fadama.

A Isa wani abokin aikin likitan ya ajiye mana yaro ɗan kimanin shekara tara, ciki ya kumbura ya yi tsini, hannuwa sun rame. Duk wanda ke aikin lafiya a yankin nan gabansa kan faɗi da ganin irin wannan ciki. A watan Maris na 2024 ma'aikatar lafiya ta jihar ta sanar da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, wata cuta da ba a gane kanta ba a ƙaramar hukumar Isa: ruwa na taruwa a ciki da sauri, ga zazzaɓi da amai da rama, yawanci yara 'yan shekara 4 zuwa 13. A watan Afrilu hukumar ta ce an samu mutum 164 da ake zargi a mazaɓu shida, Isa ta Kudu da Isa ta Arewa da Bargaja da Tozai da Tsabre da Turba, huɗu sun rasu. Gwajin farko ya nuna dalma da kuromiyam a jinin wasu, hankali ya koma kan ruwan sha da abinci da magungunan gona da haƙar ma'adinai. Maƙwabta a Zamfara sun riga sun ɗanɗana: a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Abin da ya tona ta shi ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF sun lura yara na jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓi kuma ba ya yi musu komai.

Na nemi izinin uban, na kuma nemi na yaron da kansa, na ce mutum biyu kaɗai za su taɓa shi. Na nuna musu yadda ake shimfiɗa yatsa a ciki a ƙwanƙwasa shi da ɗan'uwansa: a tsakiya sauti na tashi fayau saboda iskar hanji, a gefe ya dushe saboda ruwa. Sai a juya yaron ta gefe, a jira kaɗan, a sake ƙwanƙwasa inda ya dushe, a ji ya washe, ruwan ya gangara. Ɗalibar ta ji da kunnenta, fuskarta ta canza. Shekara guda tana karanta wannan alama, yau ta same ta a ƙarƙashin yatsunta. Na bar ta ta ji daɗin abin na ɗan lokaci, sannan na tuna mata cewa ruwa a ciki ba suna ba ne na ciwo. Hanta na kawo shi, ƙoda na kawo shi, zuciya, tarin fuka na ciki, tamowa, da tsutsar ruwa mai lalata hanta. Aka duba idonsa ko ya yi ɗorawa, aka danna ƙafa, aka gwada fitsari.

Daga nan na ce su rufe littafi su tambayi gidan. Wace rijiya ake sha? Akwai mai zuwa haƙar zinariya, yana dawowa da kayan aikinsa gida? A ina ake ajiye maganin feshi, kuma jarkarsa in ta ƙare me ake zubawa a ciki? Da me ake adana wake? Wane jiƙo aka ba yaron? Akwai wani mai irin cikin nan a unguwa? Uban ya ce akwai ɗiyar maƙwabcinsa, ba a kawo ta ba. Wannan amsa ita ta mai da aikin daga na yaro ɗaya zuwa na gari. Na sa ɗalibin ya rubuta komai, suka je tare da likitan wurin suka kai wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, don ya san da ƙafarsa inda ofishin yake.

Yaron dai sai Sakkwato, inda za a yi hoton ciki a gwada hanta da jini. Da ɗalibin ya gaya wa uban haka, sai ya ce: "Likita, nawa za ni kashewa?" Ɗalibin ya juyo ya dube ni. Ba a taɓa yi masa wannan tambaya a jarrabawa ba. Muka zauna muka yi lissafi da uban: kuɗin mota mutum biyu, kati, gwaje-gwajen da ba makawa da waɗanda za a iya jinkirtawa, abinci, wurin kwanan mai jinya. Ya ce sai ya sayar da wake ranar kasuwa. Muka rubuta takardar turawa cikakkiya yadda ba za a maimaita abin da an riga an yi ba, na kira wani abokin aiki a can ya san da zuwansu, aka ba uban lambar da zai kira in ya sauka tasha.

Ba zan ce jami'o'i su kwaso 'ya'yan mutane su turo su wannan hanya ba. Ni ma uba ne. Amma tunanin fitar da ɗalibi daga asibitin koyarwa zuwa cikin jama'a ba sabo ba ne, Jami'ar Ilorin da Jami'ar Jazira ta Sudan sun gina karatun likitancinsu a kansa tun shekarun 1970, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a riƙa ɗaukar ɗalibai 'yan karkara, don su ne suka fi komawa su zauna. 'Ya'yan Gobir da ke karatun likita da jinya suna nan, kowane hutu suna gida, hanyar da muke tsoro ita ce hanyar gidansu. Abin da suka rasa shi ne babba a kansu. Tura ƙaramin likita karkara shi kaɗai, ba mai duba aikinsa, ba wanda zai kira cikin dare, zalunci ne a kansa da kan marasa lafiyarsa, kuma kuskuren da ya saba da shi shi zai koya wa na bayansa. Mu manya da ke Sakkwato muna da yawan da za mu riƙa karɓa-karɓa.

Da za mu koma Sakkwato, direbanmu bai yarda da hanyar Gundumi ba, dajin da tun zamanin Baturen nan Barth, a 1853, matafiya ke ratsa shi da fargaba. Muka koma ta Sabon Birni. A tasha likitan ya tuna mini da watannin ƙarshen 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da nasu, sai wanda ya samu layin Nijar ke jin duniya. Ya ce tun da yanzu akwai layi, kada mu yi wasa da shi. Muka yanke cewa duk daren Alhamis bayan isha'i zai kira ni ya gabatar da marasa lafiya uku da suka fi tsaya masa a rai, ɗaliban na saurare, kuma ɗaya daga cikin ukun dole ɗan kwalejin kiwon lafiya ne zai gabatar.

A kiran farko, ɗan kwalejin nan mai tambayar magariba shi ya fara. Mai ciki wata takwas, haihuwar fari, ƙafa ta kumbura, kai na ciwo, tana ganin walƙiya a ido, jini 160 bisa 110, fitsari da furotin. Ya ce bai jira ta fara jijjiga ba, ya kira Sista, aka yi mata allurar magnesiyam, aka sa mata robar fitsari, likita ya zo. Na tambaye shi me zai riƙa dubawa kafin allura ta gaba. Ya ce numfashinta, da yawan fitsari, da motsin gwiwa in an buga. Na ce to, a kawo na biyu.